Bodie da Deadwood: Hanyoyi Biyu na Adana Tsohon Garin Haƙar Zinariya

A Amurka, garuruwa biyu da haƙar zinariya ta kafa sun bi hanyoyi dabam wajen adana tsofaffin gine-ginensu. Bodie, a jihar Kalifoniya, ya zama kango bayan ma'adinai sun ja baya, kuma tun 1962 hukumar jihar take kula da shi bisa ƙa'ida ɗaya: a tokare gini kada ya faɗi, amma kada a sabunta shi. Maziyarci yana ganin tarihi yadda aka bar shi, sai dai gari ne da babu mazauna.

Deadwood, a Dakota ta Kudu, yana da jama'arsa, don haka aikinsa ya fi wuya. A 1989 aka halatta caca a garin, ana ware wani kaso na kuɗin shiga domin gyaran gine-gine, kuma mai son sauya fuskar gininsa sai ya nemi izinin kwamitin adana tarihi. Kuɗi sun samu, gine-gine sun farfaɗo, amma gidajen caca sun mamaye babban titi, shagunan da mazauna suka dogara da su kuwa suka yi ta rufewa. A ganina wannan asara ba ƙarama ba ce, ko da yake tsarin Bodie ba zai yiwu ba inda mutane ke kwana suna tashi.