Katifar iska mai hana gyambon kwanciya: abin da muka gani a wata biyar

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, ɓarinsa na dama ko motsi ba ya yi, magana kuma ta tsaya masa a "to" da "a'a". Likita ya ce gudan jini ne ya toshe jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa shanyewar ta kama dama har ta haɗa da harshe. Muna haɗa kaya sai wata nas ta ja ni gefe ta ce: "Ku kula da fatarsa. Mutum ya daɗe a kwance wuri ɗaya, gyambo ne zai biyo baya, kuma wahalarsa ba kaɗan ba ce." Ita ta ba mu shawarar sayen katifar iska.

Irin mai ƙananan ƙulluka muka saya, wadda ake shimfiɗawa a kan katifar gado, da ɗan injinta da ake ratayewa a ƙarshen gadon, sai tiyo guda biyu. Aikinta ba wuyar ganewa. Ƙullukan rukuni biyu ne: rukuni ɗaya ya cika, ɗaya ya sace, bayan kamar minti 10 su yi musanya. Ta haka wurin da nauyin jiki ya danne yake samun sararin da jini zai ratsa. Haɗa ta bai ɗauke ni minti 5 ba, cikarta ta farko ce ta ci kusan rabin awa.

Gaskiya ta yi mana aiki. Wata biyar ke nan, bayan Baba da kwankwasonsa da kafaɗunsa lafiya lau, ko ɗigon ciwo babu. Amma akwai kuskuren da muka tafka, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Da katifar ta zo, sai muka saki jiki. A asibiti an ce mu riƙa juya shi kowace awa 2, mu kuwa gajiya ta sa muka ɗauka inji ya karɓe mana wannan aikin, muka rage juyin dare. A mako na uku ina shafa masa mai a ƙafa sai na ga ja a dunduniyarsa ta dama, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba. Na danna na saki kamar yadda aka koya mana. Lafiyayyar fata takan yi fari sannan launinta ya dawo. Wannan ko gezau, ja ɗin yana nan. Gabana ya faɗi. Abin da ya fi ci mini rai, ƙafar ba ta jin ciwo sosai, shi kuma ba bakin faɗa. Na ce, "Baba, ku yafe mana." Ya ɗaga hannun hagu ya dafa kaina.

Mai gashin ƙashi da ke zuwa gida ya duba, ya ce dunduniya ƙashi ce da siririyar fata a kai, wannan katifa ba ta isa ta kare ta ba. Ya sa filo a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dunduniyar za ta tsaya a iska ba ta taɓa komai, ya kuma hana mu murza wurin, don murzar ƙara lalata naman take yi. Muka koma juyi a kan lokaci, ni da Yaya da ƙanwarmu muka raba dare uku, muka manna takarda a bango kowa yana rubuta lokacin da ya juya shi da gefen da ya kwantar da shi. Wurin ya washe ba tare da ya fashe ba, alhamdu lillahi.

Wani abin da takardar cikin kwali ba ta bayyana da kyau ba shi ne saita ƙarfin iska. Mu da farko maɓallin saita iska da ke jikin injin muka murɗa har ƙarshe, katifar ta yi tauri kamar katako. Daga baya aka nuna mana dabara: ka zura tafin hannunka ƙarƙashinta daidai mazaunin majinyaci, in ka ji ƙashinsa yana tokare da hannunka iska ta yi kaɗan, sai ka ƙara a hankali.

Tana da nata illoli. Leda ce, tana tara zafi da gumi, ga famfas, don haka sai da zanin gado na auduga guda ɗaya, a miƙe shi sarai ba tattara. In aka jibga barguna a kai amfaninta ya tafi. Injin yana ɗan gurnani, kwana biyun farko Baba bai yi barcin kirki ba, sai da muka sa tawul tsakaninsa da ƙarfen gado. In wuta ta ɗauke, iskar takan zurare a hankali. Sau ɗaya ta huje, fil ne ya soke ta, facin da aka haɗo da ita ya riƙe har yau. Sannan lokacin da Baba ya fara koyon zama a bakin gado, santsinta da lilonta sun hana shi daidaita jiki, dole muke mayar da shi kan kujera mai ƙarfi kafin a fara motsa jiki.

Duk mai jinyar wanda ba ya iya juya kansa, ina ba shi shawarar ya same ta tun ranar farko, kada ya jira ciwo ya fito. In kuwa gyambo ya riga ya buɗe ya yi zurfi, a tuntuɓi likita, don irin wannan ƙaramar ba ta wadatar ba, akwai mai manyan bututu da aka yi don hakan.

Yanzu Baba yana kama ƙarfen gado da hagu ya mirgina da kansa, yana kuma wuni rabin rana a kujera. Mai gashin ƙashin ya ce in aka ci gaba a haka, wata mai zuwa za mu gwada cire katifar da rana mu bar masa ita da dare kawai.