Yaya, ga labarin Kef Tawun da iskarta

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kowa lafiya a Yawuri, a gaishe min da Inna da su Kawu.

Ka ce in ba ka labarin yawon da muka yi. Garin nan na Kef Tawun da ke Afirka ta Kudu ba a yi masa alkawari da safe. Sai ka fito rana tarwai, kafin azahar iska ta taso daga teku tana neman cire maka hula, gajimare ya sauko ya lulluɓe kan Dutsen Tebur kamar an shimfiɗa masa farin zane. Damunarsu ma a watan Yuni zuwa Agusta take, da sanyi mai shiga ƙashi. Ni kam jaka ba ta rabuwa da rigar sanyi.

Sau biyu muna zuwa bakin ruwa don tsallakawa tsibirin Robben, inda Mandela ya yi shekara 18 a kurkuku. Ranar farko aka ce jirgi ba zai tashi ba, teku ta yi fushi. Raina ya ɓaci, don na riga na biya. Sai ma'aikaciyar ta ce in zaɓa, ko a mayar min da kuɗina ko a sauya min rana. Babu gardama, babu roƙo. Da muka koma, kowa da tikitinsa, an ƙidaya mu, kuma kafin jirgi ya motsa aka nuna mana inda rigunan ceto suke da yadda ake ɗaura su.

Wallahi Yaya, a nan hawaye suka zo min. Na tuna jiragenmu ranar kasuwa, mutane da buhuna da babura a jirgi ɗaya, ruwa na lasar bakinsa. Na tuna mutanen da suka nitse kusa da Wara a watan Mayun 2021, Allah Ya jiƙan su. Direbobinmu sun fi kowa sanin ruwa, amma wa zai iya ce wa fasinja ya koma gida yau?

Kayan abinci kuwa mun fi su. Albasarsu a ƙaramar raga take, an manna farashi, ba tayi ba gyara, ba ta kama ƙafar ta Aliero. Kifinsu na teku da ake soyawa da dankali yana da daɗi, sai dai bakina na neman giwan ruwa mai hayaƙi. Nama bai yi wuya ba, akwai tambarin halal a shaguna, Musulmi na da yawa. Na yi sallah a masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa tun 1794.

Na tura maka ɗan saƙo. Don Allah ka sayi rigar ceto guda biyu ka ba Kawu, ka ce ni na roƙe shi ya riƙa sawa duk ranar da zai tsallaka.