Ƙungiyar marayu ta unguwarmu a Marwa: inda ta burge ni da inda take da gyara

Duk shekara in Sha'aban ya raba tsakiya, matan da ke kawo mini ɗinkin salla sukan yi mini tambaya iri ɗaya: "Yaya, ƙungiyar nan da kike yi wa ɗinki, in mutum ya ba su kuɗi yana isa hannun yaran kuwa?" Yana isa. Ni ma ina ba su, kuma ban da niyyar dainawa. Amma akwai abubuwan da ya kamata mai bayarwa ya sani, masu daɗi da marasa daɗi, shi ya sa ba zan kama sunan ƙungiyar ba. Ni tela ce, shagona yana ɓangaren Domayo a nan Marwa, arewacin Kamaru, abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Da farko dai ba gidan marayu ba ne. Wanda ya je yana tsammanin ganin ɗakunan kwana da yara a jere suna rera waƙar maraba, zai tarar da ɗaki biyu ne kawai, da tebur, da kabad cike da takardu, da buhunan dawa a lungu. Yaran suna gidajensu, wannan wajen kakarsa, waccan wajen goggonta, wasu wajen uwar da miji ya mutu ya bari da biyar ko shida. Ƙungiyar tana bin su can ne ta tallafa wa gidan. Na taɓa tambayar Hajiya shugaba dalilin da ba su gina masauki ba, tunda masu kuɗi sun fi son ganin gini. Ta ce, "Ƙanwata, kuɗin da za mu ciyar da yaro ɗaya a gini, da mai gadi da mai girki da kuɗin wuta, zai riƙe yara da yawa a ɗakin kakanninsu. Kuma ranar da zai yi aure, wa zai tsaya masa? Mu ko kawunsa?" Ban sake tayar da maganar ba.

Yawancin gidajen da ke cikin littafinsu ba 'yan asalin Marwa ba ne. Tun 2014 da rikicin Boko Haram ya tsallako iyaka, mutanen Kolofata da Amchide da ƙauyukan kewayen Mora suka riƙa kwararowa. 'Yan gudun hijirar Najeriya akwai sansanin Minawao kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, manyan ƙungiyoyin duniya suna can. Namu na gida kuwa da yawa sun shige cikin gari ne, sun raɓa a ɗakin ɗan'uwa ko sun kama haya a bayan gari, in ba maƙwabci ba ne kai ba za ka san da su ba. Ambaliyar 2024 da ta ci Yagwa da sauran yankin Mayo-Danay ta ƙaro wasu.

Aikina da su ɗinkin kayan makaranta ne. Suna sayo yadi a babbar kasuwa, a turo mini yara rukuni-rukuni a watan Agusta in gwada su kafin a koma makaranta a Satumba, ni kuma ba na karɓar kuɗin hannu. A wajen awon nan ake gane halin da gida yake ciki ba sai an tambaya ba. Yaro ya ce miki shekararsa goma sha biyu, ki zagaya ƙugunsa da tef ki ga awon ɗan shekara takwas. Akwai wata nas da ke zuwa ran Asabar da nata ɗan tef mai launi uku, tana auna damtsen ƙannensu 'yan ƙasa da shekara 5. In ya faɗa kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ba ta jira komai, a ranar ake kai yaron asibiti a sa shi a shirin masu tamowa, inda ake ba da tunkuzar gyaɗar nan ta cikin leda, Plumpy'Nut. Ƙungiyar ba ta da'awar yin magani da kanta, kuma na ga hankali a wannan.

Amma abin da ya sa na tsaya da su, wanda kuma nake roƙon masu bayarwa su duba da kyau, shi ne takardar haihuwa. Wanda aka haifa a asibitin birni, ubansa ya je ofishin magajin gari a kan lokaci, ba zai gane girman wannan matsala ba. Dokar 2011 ta ba da kwana 90 a yi rajistar jariri. Matar da ta haihu a ƙauye a hannun ungozoma, ko wadda ta gudo cikin dare aka ƙone gidan da duk abin da ke ciki, ina ta ga wannan? Yaro zai shiga makaranta lafiya lau, ya yi SIL, wato ajin farko na firamare, ya yi CP, ya hau har CM2, ajin ƙarshe. Ranar da za a haɗa takardun jarrabawar CEP, ta kammala firamare, da ta shiga sakandare, sai a ce ya kawo takardar haihuwa. Babu. Shekara shida na karatu sun tsaya a nan. Gobe in ya girma zai nemi katin ɗan ƙasa, nan ma ita za a tambaya, kuma mu da ke wannan yanki mun san abin da ake nufi da saurayi ya hau mota zuwa Mora ko Kusseri ba kati a aljihunsa.

In lokaci ya wuce, sai ta kotu. Sai likita ya duba yaro ya rubuta kimanin shekarunsa, sai a karɓo shaida daga ofishin magajin gari cewa ba a taɓa yi masa rajista ba, sai a kawo shaidu, alƙali ya yanke hukunci, sannan a koma da hukuncin a rubuta takardar. Kowane mataki da kuɗinsa, da kan sarki, da kuɗin babur, da wunin da kaka za ta yi ba ta soya ƙosai ba. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci, ko ƙofar kotu ba ta taɓa takawa ba, ba za ta iya wannan ita kaɗai ba. Malam sakatare shi ne ke ɗauke da wannan jigila. Tsohon malamin firamare ne, kullum da jakar takardu ɗaure a bayan babur, ya san wane ofishi ake fara zuwa, ya san lokacin da kotu ke fita zaman ƙauyuka a yi wa yara da yawa a lokaci guda, sai ya tara fayil ya jira ranar. Wata tsohuwa 'yar wajen Kolofata ta zo shagona da jikanta awo, ta ciro takardar daga cikin leda uku, ta miƙo mini ta ce, "'Yata, karanta mini sunansa in ji." Na karanta. Ta ce in sake. Yaron yanzu yana aji biyu a sakandare, wandonsa na bana ma sai da na ƙara masa tsawo.

Abin takaici, wannan ne aikin da masu bayarwa suka fi ƙi. Kowa yana son a ce buhun shinkafarsa ne aka raba, ba mai son a ce kuɗinsa ya tafi kan sarki da man babur. Ma'aji ya gaya mini asusun takardu shi ne kullum a bushe. In za ku ba su, ku ce na takardar haihuwa ne, za su rubuta haka a rasit.

Makaranta ma haka. An soke kuɗin firamare ta gwamnati tun 2000, amma duk uwa ta san akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, da littattafai, da kuɗin jarrabawa. Ba sa ba gida kuɗin a hannu, su ne ke zuwa makaranta su biya su karɓo rasit. Wasu suna ganin rashin yarda ne. Ni ina ganin tausayi ne, domin uwar da tukunyarta ba ta hau wuta ba tun jiya, in ka sa mata sefa dubu biyar a hannu ka ce na makaranta ne, ka ɗora mata jarrabawar da ba kowa ke ci ba.

Ta fuskar amana ban kama su da komai ba. Takardar shaidar rajistarsu daga ofishin firefe, wato babban jami'in gwamnati na yankin, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1990, tana manne a bango. Littafin shiga da fita yana kan tebur, duk wanda ya taɓa ba da ko sefa ɗari biyar yana iya cewa a buɗe masa, na kuwa sa an buɗe mini. Zakka littafinta daban, ba a taɓa ta don hayar ofis. Limamin da ke ba su shawara ya ja musu kunne tun farko cewa maraici kaɗai ba ya sa a ci zakka, domin maraya ba ya cikin kaso takwas da aka lissafa sai in ya shiga ta ƙofar talauci. Marayan da uba ya bar wa gida da shanu, kulawa yake buƙata da mai tsare masa dukiya. Kuma ba sa tambayar addinin yaro kafin su rubuta shi, akwai 'ya'yan Kiristoci daga duwatsun Mandara a littafin, daga asusun sadaka ake yi musu.

To, ga inda nake da magana.

Babba a ciki, ranar da na fara zuwa ba wanda ya tambaye ni ko ni wace ce. Na ce ni tela ce ina son taimakawa, aka yi mini godiya, mako na zagayowa aka turo mini yara shago, ba babba ko ɗaya tare da su. Ni na san kaina, su fa? Da wani ne mai mugun nufi? Na faɗa wa Hajiya, ta ce ai duk 'yan unguwa ne an san juna. Na ce, "Hajiya, da girmanki, mafi yawan abin da ke samun yara daga hannun wanda aka sani yake zuwa." Yanzu ana haɗo su da wata dattijuwa in za su zo awo, amma har yau ba a rubuta wata ƙa'ida ba, kuma samari masu koyar da darasin yamma ba mai bincikar su. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

Sai hotuna. Wani matashi ne ke riƙe musu shafin Facebook, yana da himma, amma ba ya raba ɗaya biyu sai ya sa yarinya ta rungumi buhu ta kalli waya. Yaran nan suna da abokan aji, abokan kuma suna da wayar yayyensu. Wata 'yar shekara goma sha uku ta ƙi zuwa karɓar kayanta saboda an tsokane ta a makaranta da "'yar sadaka". Suna cewa in ba hoto masu kuɗin Duwala da Yawunde ba sa turowa. Wataƙila haka ne, amma ana iya ɗaukar buhun da rasit a bar fuskar yarinya.

Lambar Orange Money da ta MTN da ake tura kuɗi, dukansu da sunan ma'aji suke, ba da sunan ƙungiya ba. Mutumin kirki ne, amma rai fa? Kuma in ka tura daga nesa, saƙon godiya kan yi kwanaki bai zo ba, rahoton shekara kuwa sai ka bi shi da kanka. Taro in an ce ƙarfe tara, ki gama wankinki tukuna.

Akwai kuma laifin da namu ne, mu masu bayarwa. A azumi kaya har rasa wajen ajiya ake yi, da babbar salla nama ya yi yawa har ana rabawa maƙwabta. Sai Agusta ta zo, ruwa ya sauka, rafin Mayo Kaliao ya cika, hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, dawa ta yi tsada, sauro ya tashi, ga komawa makaranta a bakin ƙofa, a lokacin ne ɗakin ajiya yake wayam. Maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana bayarwa a damina tun 2016 na 'yan ƙasa da shekara 5 ne, ɗan shekara tara in ya kwanta sai an sayi magani. Dubu biyu duk wata ta fi musu amfani a kan dubu talatin rana ɗaya a Ramadan. Ladan azumi ba wanda ya hana ku, ku dai raba.

Gwanjo kuma, don Allah. Ni ake kawo wa buhunan tsofaffin kaya in tace, rabi tsumma ne da ko goge keke ba zan yi da shi ba: riga ba hannu, zane ya ci wuta, takalmi ƙafa ɗaya. Abin da ba za ki sa wa ɗanki ba, kada ki wanke zuciyarki da shi a kan ɗan wata.

Mai son ba da lokacinsa, ba sai yana da digiri ba. Suna neman masu jin Fulatanci da Kanuri da Mandara da Mafa da Larabcin Shuwa, domin Hausa da Faransanci ba sa isa a gidajen da ake shiga. Suna neman mata masu ziyara, tunda akwai maganar da bazawara ba za ta yi da namiji ba, kuma matan da ke zuwa ba su kai yawan gidajen ba. Suna neman wanda hannunsa ya faɗa da rubuta takardar roƙo da Faransanci, ya rage wa Malam sakatare nauyi, shekaru sun fara ja masa.

Inda ba su da komai har yanzu shi ne yaran da suka gama CM2 ba su ci gaba ba, musamman 'yan mata. Tallafi yana tsayawa, wata shida a ji an ɗaura aure ko an tafi aikatau. Na ɗauki biyu a shagona suna koyon yanka, ɗayarsu hannunta ya fi na wasu da na biya kuɗi. Wani mai gyaran babur a Dugoy ya ɗauki yaro ɗaya. Sauran suna nan a littafi, an ja layi a ƙarƙashin sunansu. Keke biyu gare ni, kuma ɗayan yana tsallake zare. Duk mai tsohon keken ɗinki a ɗaki yana shan ƙura, ko mai sana'ar da zai iya ɗaukar yaro ɗaya ya koya masa, ya je ofishin ran Asabar da hantsi, lokacin ne ake samun Hajiya da Malam sakatare tare.