Soso ko wayar ɗumama: wanne ke hana bututun ruwan datti daskarewa?

An sha tambayata: idan hunturu ya kama, a naɗe bututun ruwan datti da soso, ko a sa masa wayar ɗumama?

Soso ya fi araha, kuma kowa na iya naɗawa. Sai dai ba ya samar da zafi, jinkirta hucewa kawai yake yi. In sanyi ya daɗe ƙasa da digiri 0, ruwan da ya kwanta zai daskare, ya kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, har bututu ya tsage.

Waya kuwa tana ɗumamawa, amma da lantarki. Aka ɗauke wuta, ta zama igiya. Wadda ta kwaile na iya tada gobara.

Mai bututu cikin gida inda sanyi ke da sauƙi, soso ya ishe shi. Mai bututu a fili, waya ta fi masa.