Sifirin ko Man Shokozoba: Wanne Za a Taɓa Idan Mota Tana Buga Ciki a Ƙasa?

Ɗan'uwa, ka ce motar rimot ɗinka ta tsere, bugi (irin ta gudu a filin ƙasa) mai girman 1/10 na motar gaske, tana buga cikinta a ƙasa duk sanda ta dira daga tsalle, bayanta kuma yana ta tsalle-tsalle a gargada. Kana so ka san ko sifirin mai tauri za ka sa, ko kaurin man shokozoba za ka ƙara.

Aikinsu ba ɗaya ba ne. Sifirin ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke iya yadda za ta nutse ko ta karkata a kwana. Mai kuwa ba ya ɗaukar nauyin komai, saurin nutsewa da saurin dawowa yake tsarewa, domin sai ya bi ta 'yan hudojin fistin, wato ɗan faifan da ke hawa da sauka cikin man, kafin shokozoba ya motsa. Dira daga tsalle bugu ne na farat ɗaya, saboda haka maganar mai da fistin ce kafin a zo kan sifirin.

In ka sa sifirin mai tauri, karkata a kwana za ta ragu, mota za ta riƙa bin sitiyari da wuri. Sai dai tayoyi za su rage kama ƙasa a wuri mai santsi, tsallen baya kuma ƙaruwa zai yi, don man da ke ciki ba zai iya riƙe sifirin da ya fi ƙarfinsa ba. Kada zoben da ake murzawa a jikin shokozoba ya ruɗe ka: matse shi ba ya ƙara wa sifirin tauri, tazarar mota da ƙasa kawai yake canzawa. A filin ƙasa, wajen milimita 21 zuwa 24 ake barin wannan tazarar, kuma da batir a ciki ake aunawa.

In mai ka canza, ka hau mataki ɗaya, misali daga 30wt zuwa 32.5wt (wt lambar kaurin mai ce). Dirar za ta yi laushi, bayan motar ya natsu. Amma in kaurin ya wuce kima, shokozoba ba zai gama miƙewa ba kafin taya ta ci karo da tudu na gaba, sai mota ta riƙa ƙara nutsewa tana zamewa. Lambar wt ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani. 30wt na kamfanin Team Associated wajen 350 cSt ne (cSt ma'aunin kauri ne na bai ɗaya), na wani ba lallai ya yi daidai da shi ba, gara ka tsaya kan kamfani ɗaya ko ka bi lambar cSt. Zafi ma yana tsinka mai, abin da ya yi daidai da safe yana iya yin ruwa da rana tsaka.

A ganinmu fistin ne ya fi dacewa da matsalarka. In mai huda 2 na milimita 1.7 ne a ciki, ka koma mai huda 2 na 1.6, ka bar man yadda yake ko ka ɗan rage masa kauri. In ka rage kaurin, a motsin hankali zai yi laushi, a bugu mai ƙarfi kuma mai ba zai samu hanyar wucewa da sauri ba, sai ya tare dirar. Manyan hudoji da mai mai kauri akasin haka suke: daɗi a gargada, buga ƙasa a tsalle.

Kafin ka sayi komai, ka buɗe shokozoba ka duba. Sau da yawa mai ne ya tsiyaye ta robobin ƙasa, ko iska ta shiga. Ka cika, ka motsa fistin a hankali, ka jira kumfa ta gama fita kafin ka rufe, ka kuma tabbatar na hagu da na dama tsawonsu ɗaya. Daga nan ka saki motar daga tsayin wajen santimita 30: ta nutse, ta ɗago sau ɗaya, ta tsaya. Ɗan gogar ƙasa a babban tsalle ba laifi ba ne, matuƙar ba ta kauce hanya ba. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa, ka zaga fili, ka rubuta abin da ka gani kafin ka taɓa na gaba.