PS4 Slim, PS5, Xbox ko kwamfuta: wanne ya dace da mai buga gem a Bauchi?

Idan kana zaune a Bauchi, ka tara 'yan kuɗinka kana son na'urar gem ta ajiyewa a ɗaki, kuma abin da ka fi bugawa ƙwallo ne da Mortal Kombat kai da abokai, shawarata ita ce ka nemi PS4 Slim na hannu mai lafiya da pad (abin da ake riƙewa a hannu ana sarrafa gem) biyu na asali. Abubuwa uku ne suka kai ni ga wannan ra'ayi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe na'ura a garin nan ya san su: halin wutar lantarki, tsadar data, da ƙura haɗe da zafin bazara.

Kamfanin Sony ya fitar da PS4 a watan Nuwamban 2013, sannan a 2016 ya kawo Slim da Pro. Dukansu gem iri ɗaya suke karantawa, sai dai ba su zo ɗaya ba wajen shan wuta da ɗaukar zafi. Na farkon, wanda 'yan kasuwa ke ce wa fat, an rubuta masa wat 250 a matsayin iyakar abin da zai ja, Pro kuwa 310, Slim kuma 165 kacal, kuma a lokacin wasa ba ya ma kai wat 100. Ma'anar wannan a wajenmu ita ce ƙaramin janareta zai ɗauke shi da talabijin da fanka ba tare da ya yi nishi ba, wanda kuma ya sa sola a gida zai yi wasan dare batirinsa bai zube ba. Ɗalibin da ke haya a Yelwa ko Gwallameji, wanda layin wutarsa ɗaya ne da na maƙwabta goma, shi ya fi kowa sanin amfanin wannan.

Ga kuma sanyin aiki. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ɗaki ke ɗaukar zafi tun hantsi, tsohon fat ko Pro da ƙurar hunturu ta toshe masa hanyar iska sai fankarsa ta riƙa ƙara kamar injin markaɗe, daga nan ya nuna gargaɗin zafi ya kashe kansa. Slim ma yana shan ƙura, amma murfinsa na sama cire shi ake da hannu ba tare da kwance kusa ko ɗaya ba, ka ga fankar a fili ka share ta da ɗan buroshi. Wannan ƙaramin abu ne da ke ƙara wa na'ura shekaru.

Abin da ya fi ɗaure ni da shi dai shi ne faifai. Faifan PS4 ba a kulle shi da ƙasa ba, wanda aka sayo daga Ingila ko Amurka ko Dubai duk zai yi aiki a na'urarka. Kana iya aro, kana iya musaya da abokinka, kana iya sayar da wanda ka gama ka cika ka ɗauki wani. FIFA 23, wanda shi ne na ƙarshe da ya fito da wannan suna a 2022, da EA Sports FC 24 da 25 da suka biyo baya, duk sun fito a PS4. Masoya PES, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, kuma har yau da yawansu suna nan kan PES 2021, domin tun da Konami ya mayar da shi eFootball a 2021 ya zama sai da intanet ake more shi. Ka haɗa da God of War, GTA V, Tekken 7, Mortal Kombat 11, ka ga ba za ka rasa abin bugawa ba na tsawon shekaru. Idan wuri ya cika maka, rumbun ajiyar PS4 irin na laftof ne, ana canza shi da mafi girma, ko ka jona na waje ta USB 3.0, abin da na'urar ta fara karɓa tun 2017. Ranar da Allah ya hore maka PS5 mai cin faifai, akasarin faya-fayanka za su bi ka can.

PS5 kuwa, wanda ya fito a Nuwamban 2020, babu mai musun ya fi ƙarfi, amma kuɗinsa da na pad ɗinsa da na gem ɗinsa na mai hali ne, kuma a talabijin mai inci 32 irin wanda yawancinmu ke da shi ba za ka ga rabin abin da ka biya ba. Xbox Series S ba shi da wurin sa faifai ko kaɗan, kowane gem sai ka sauke shi, wani ya haura gigabait 50, ka lissafa datar da kanka. PS3 ya yi zamaninsa, FIFA 19 da PES 2018 su ne iyakarsa.

Kwamfuta ce kaɗai nake ganin ta cancanci a tsaya a kanta, musamman ga ɗalibi ko mai sana'ar zane da haɗa bidiyo, wanda zai yi aiki da rana ya yi wasa da dare. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka sayi kwamfutar ofis 'yar Kwatano irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, ka ɗaga RAM ɗinta zuwa gigabait 16, ka sa mata SSD, wato rumbun ajiya mai sauri, sannan ka ƙara katin girafik wanda ba ya buƙatar wayar wuta ta daban, kamar GTX 1050 Ti da ke tsayawa a wat 75. Ka lura da girman akwatin, domin siraran nan sai kati gajere ke shiga cikinsu. Sai dai ka sani cewa wannan kati shi ne mafi ƙarancin abin da FIFA 23 da FC 24 ke nema a kwamfuta, wato kana shiga ne daga bakin ƙofa. Kuma a nan ma akwai cuta. An cika kasuwa da tsofaffin katuna irin GTS 450 da aka canza wa suna suka koma 1050 Ti, har kwamfutar ma ta nuna maka sunan ƙarya. Alama mafi sauƙi: idan ka ga kafar VGA, shuɗiyar nan, a jikin katin da aka ce maka 1050 Ti ne, ajiye shi, na gaskiya ba ya zuwa da ita. Manhajar GPU-Z ma tana tona asirin da yawa daga cikinsu.

Yanzu sai maganar pad, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. A nan ne ake cin kuɗin mutane fiye da ko'ina. Na'urar sau ɗaya za ka saya, amma pad shi ke hannunka kullum, shi ke faɗuwa, shi yara ke ja, shi za ka sake saye. An taɓa sayar mini da wani a cikin kwali sabo fil, da tambarin Sony da leda da takarda, mai shagon yana cewa, "Wallahi maigida, wannan orijina ne, daga kwantena aka sauke shi." Bai rufa wata ba analok ɗin hagu, 'yar sandar da ake motsa ɗan wasa da ita, ya fara tafiya da kansa, ɗan wasa yana gudu zuwa layi ba wanda ya taɓa shi, caji kuma ba ya kai wasa uku. Da na mayar sai aka ce kayan wuta ba su da garanti. Tun daga nan kwali ya daina ba ni sha'awa.

Pad ɗin PS4 na asali sunansa DualShock 4, kuma iri biyu ne. Na farko lambarsa CUH-ZCT1, na biyu da ya zo tare da Slim a 2016 lambarsa CUH-ZCT2, shi ne wanda ake ganin siririn haske ta saman allon taɓawa. Masu jabu suna kwaikwayon lambar, suna kwaikwayon takardar baya, har sunan da yake nunawa a bulutut suna kwaikwaya. Saboda haka duban ido ba ya wadatarwa, sai an gwada. Abin da ba sa iya kashe wa kuɗi shi ne kayan ciki, kuma nan za ka kama su.

Ka tafi kasuwa da iyafis ɗinka a aljihu. Ka ce a jona pad ɗin da na'ura, ka soka iyafis a ƙasansa, ka shiga saitin sauti ka zaɓi a turo dukan sauti zuwa kunne. Na jabu da yawa ramin ado ne kawai, ko kuma ka ji sautin yana shashsheƙa. Bayan haka ka buɗe wurin rubutu, inda allon haruffa ke fitowa, ka ja yatsa a kan allon taɓawa ka ga ko alamar tana bin yatsanka sumul, domin wasu jabun dannuwa kawai suke yi, ba sa jin yatsa. Kana nan a wurin, ka danna analok ɗin dama ciki, sai ka karkata pad ɗin hagu da dama: na asali zai motsa alamar da karkatawar hannunka, wanda ba shi da na'urar jin motsi kuwa zai tsaya cik. Ka gwada 'yar lasifikar da ke tsakiyarsa. Ka ja madannan L2 da R2 na bayan pad a hankali a gem ɗin mota ka ga ko gudun yana ƙaruwa sannu-sannu, ba wai ya fizga gaba ɗaya ba. Daga ƙarshe ka ajiye shi a kan tebur ana cikin wasa, ka janye hannunka na minti guda. Idan ɗan wasa ko kyamara ta motsa, analok ya fara lalacewa, ko da na asali ne.

Nauyi ma yana magana. Na asali yana kusan giram 210, na jabu sau da yawa za ka ji shi fayau a hannu saboda ƙaramin batiri da ƙananan injinan girgiza, ko da yake wasu sun koyi liƙa ɗan ƙarfe a ciki don ya yi nauyi. Idan kana da mai gyara da ka yarda da shi, ya buɗe ya duba allon ciki. Na Sony yana ɗauke da lamba mai farawa da JDM, irin su JDM-040 da JDM-055 a sabon samfuri. Akwai kuma waɗanda cikinsu na asali ne aka sake musu riga sabuwa. Waɗannan ba laifi idan an gaya maka gaskiya kuma an rage kuɗi. Ni dai da a ba ni sabon jabu mai ƙyalli gara tsohon na asali da robar analok ɗinsa ta cinye, domin roba da batiri da kafar caji duk ana canza su da kuɗi kaɗan, jabu kuwa idan ya mutu ko mai gyara ba ya son taɓa shi. Kuma duk sabon pad da aka yi maka kuɗinsa rabin na sauran shaguna, araha ce da ba ta ado.

Na'urar kanta ma ba a ɗaukarta a rufe. Ka duba lambar jikinta, Slim yana farawa da CUH-2. Ka duba 'yan takardun da ke rufe kusoshin baya, idan an ɓamɓare su to an taɓa buɗe ta, sai ka tambayi dalili. Ka haska kafar HDMI da tocilar waya ka ga ko haƙoranta sun lanƙwashe. Ka sa faifai ka fitar ka sake sawa, sannan ka zauna ka buga gem mai nauyi na kamar rabin awa kana sauraron fanka. Mai shagon da ya ce babu wuta ko yana sauri, ka ce masa, "Alhaji, ba komai, zan sayi mai a tayar da janareta." Idan ya ƙi wannan ma, akwai wasu shagunan a Wunti da sauran kasuwannin gari. Wanda zai aika a sayo masa daga Farm Centre a Kano ko Alaba a Legas, ya tabbata wanda ya aika ya iya waɗannan gwaje-gwajen, ya kuma karɓo rasit mai ɗauke da lambar na'urar.

Sai zancen "an zuba gem goma a ciki", wanda ke sa a ƙara maka kuɗi. Ka tambaya ta wace hanya aka zuba. Idan a asusun wani mutum suke, ranar da mai asusun ya cire na'urarka daga matsayin babbar na'urarsa, za ka wayi gari ka ga hoton kwaɗon kulle a kan kowane gem, kuma ba ka da wanda za ka kama. Idan kuma na'urar da aka yi wa kutse ce, irin masu tsohuwar manhaja 9.00, to gem ɗin kwafi ne, ba za ka shiga wasan intanet da ita ba, kuma ranar da ƙaninka ya danna sabuntawa komai ya tafi. Gara ka biya kuɗin na'ura zalla ka sayi faifanka biyu, ka buɗe asusunka da kanka. Tun da babu Najeriya a jerin ƙasashen PSN, wato dandalin intanet na PlayStation inda ake buɗe asusun, yawancin mutane Ingila ko Amurka suke zaɓa, sai ka riƙe ƙasa ɗaya domin katin kuɗi da ƙarin kayan gem suna bin ƙasar asusun ne.

Masu son gem ɗin faɗa da ke sha'awar haɗa nasu akwatin irin na gidajen wasan da, abu ne mai yiwuwa a nan. Kafinta zai yi maka akwatin katako ya huda ramuka masu faɗin milimita 30 na madannai, ka sa sanda da madannan kamfanin Sanwa na Japan idan ka samu, ka jona su da ɗan allon nan mai araha da ake kira Zero Delay. A kwamfuta yana aiki nan take. A PS4 kuwa na'urar tana tantance abin da aka jona mata, don haka sai allo irin na Brook, wanda ya fi tsada. Kada wani ya karɓi kuɗinka ya ce mai arahar zai yi a PS4 ba tare da ka gani da idonka ba.

A cikin kasafinka ka ware kuɗin ƙaramin UPS, na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an ɗauke, tun ranar farko, ko da zai sa ka haƙura da gem ɗaya. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar ajiye wasa ita ke lalata bayanan rumbu, har na'ura ta tashi tana neman a sake zuba mata manhaja, abin da ke share duk abin da ka tara. Minti biyar ɗin da UPS zai ba ka sun isa ka fita daga gem ka kashe ta yadda ya kamata. Idan wuta ba ta da tabbas a unguwarku, kada ka bar ta a yanayin barci mai hasken ruwan lemo, ka kashe ta gaba ɗaya, ka jira hasken ya ɗauke kafin ka zare waya. Ka ɗora ta a kan tebur inda iska ke ratsawa, ba a kan kafet ko cikin durowar talabijin ba, idan kuma hunturu ya shigo ka riƙa rufe ta da kyalle bayan ta huce.