Bitar kasuwanci da na je a Birnin Kebbi, Rumawa sun cinye lokaci Kanta ya tashi da minti goma

Tun ranar Asabar da na ɗora hoton satifiket ɗin nan a sitatus mutane ke ta tambayata wai bitar ta ci kuɗinta ko a'a, to bari in amsa gaba ɗaya nan don wallahi na gaji da tura murya ɗaya bayan ɗaya. Ba zan kama sunan waɗanda sunka shirya ba, wanda ya je ya sani.

Ni dai shinkafa 'yar gida nike saidawa da busasshen kifin Yauri, kusan duk cinikina ta WhatsApp ne, ki turo kuɗi in kai tasha a ba direba. Da na ga tallar wai za a koya muna dabarun talla daga daulolin da sai na yi dariya, na ce mi ya haɗa kifina da Fir'auna, amma mai gidana malamin tarihi ne a sakandare shi ya matsa min, har ya biya min dubu biyar ɗin rajista.

An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha ɗaya saura. Wuta ta ɗauke sau biyu, janareto ya ƙi tashi sai da anka yi ta fama, sannan duk rubutun da ke cikin majigi Turanci ne, malamin na karantawa yana fassarawa, matan da ke layin baya rabinsu sun koma danna waya. Shi malamin matashi ne mai fara'a kuma ya iya bayani, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba.

Da Rumawa ya fara kuma nan ya daɗe, hanyoyin da sunka shimfiɗa, da yadda sarakunansu ke buga fuskarsu jikin sulalla, ya ce Juliyas Kaisar ya sa tasa a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, don haka duk wanda ya riƙe kuɗin ko a ƙauyen da ba a taɓa ganin sarki ba ya san wa ke mulki. Darasin wai ka samu tambari ɗaya ka manna a komai naka. To na yarda, amma sai ya juyo wajenmu ya ce Hajiya ku ma ku riƙa sa hotonku jikin leda, wata baiwar Allah mai turaren wuta ta ce Malam so kake a sake mu ke nan, ɗaki ya ɗauki dariya. Sitika mai suna da lambar waya dai ta ishe ni.

Inda na ji kuɗin sun fara fita shi ne da ya zo kan ƙasar Sin. Ya ce sarkin da ya haɗe ƙasar a shekara ta 221 kafin Annabi Isa ya tilasta ma'auni ɗaya, kuɗi iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, har faɗin ƙafafun amalanke sai da ya daidaita don kowace ta bi sawun da ke kan hanya. Ya haɗa da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan da ya buga dinarin Musulunci a shekara ta 77 bayan Hijira mai nauyi sananne. Sai ya tambaya, a cikinku wa zai rantse tiyar da ya auna wa kwastoma jiya ita ce ya auna wa na shekaranjiya. Shiru kake ji. Ni kam jikina ya yi sanyi don ina da kwano biyu a gida, ɗaya na gada wajen inna gindinsa ya loɓa, ɗaya sabo, kuma wanda hannuna ya fara kaiwa da shi nike awo ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba, sai a wurin na tuno wata kwastomata ta Gusau da ta taɓa cewa Hajiya shinkafar wannan karon kamar ba ta kai ba, ni kuma na ɗora laifin kan direba, tun daga nan ba ta sake yin oda ba. Ranar Litinin na shiga kasuwa na sayo sikeli, yanzu kilo nike rubutawa jikin leda.

Mansa Musa na Mali ma ya shigo, hajjinsa na 1324 da ya yi ta rabon zinariya a Alƙahira har darajarta ta faɗi, kuma zuwa 1375 an zana shi riƙe da zinariya a wata taswira can ƙasar Sifen. Malam ya ce wannan ita ce gyara da ɗanɗano, ka ba da kaɗan sunanka ya yi tafiyar da ƙafarka ba ta yi ba. Da na ba mai gida labari da dare ya ce ai bai ƙarasa muku ba, mutumin nan sai da guzuri ya ƙare masa ya ci bashi wajen 'yan kasuwar Masar kafin ya koma gida. Wannan rabin ya kamata a gaya muna, don mu mata gyara da bashin dangi su ke cinye muna jari.

Har anka yi Azahar anka dawo ban ji an ambaci tsohuwar daular Kabi ba, a cikin garin Birnin Kebbi fa. Sai wani dattijo ɗan Jega mai sana'ar goro ya ɗaga hannu ya ce ɗana, duk wannan tafiya da ka yi da mu ba ka biyo ta gida ba, ina Kanta. Malam ya ce Baba ai sai ku taimaka muna. Tsohon ya miƙe ba takarda ba majigi ya kawo yadda Muhammadu Kanta ya ɓalle daga Askiya na Songhai a farkon ƙarni na 16 ya kafa birnin Surame wadda ganuwarta ta dutse ke nan har yau, ya gangaro kan fataken Gwanja masu tafiya watanni su ɗauko goro, ya ce madugu da mai masauki da dillali duk da suna suke ci, dillalin da anka kama da ƙarya sau ɗaya labarinsa zai riga shi isa zango na gaba. Ya ce ku dubi Argungu, a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi anka yi masa bikin kamun kifi, yau ga shi mutane daga ƙasashen waje suna zuwa kogin Matan Fada kallon masu gora da homa, akwai tallar da ta wuce wagga. Minti goma ya yi anka ce lokaci ya ƙure.

Lokacin da ya ƙure ɗin kuma ashe na tallar wani kwas ne nasu na intanet, kusan awa guda ana nuna muna yadda za mu biya kashi-kashi. Wannan ya ɓata min rai gaskiya. Abinci kuwa sai ga shinkafa 'yar waje a cikin roba, a jihar da manoman Suru da Argungu ke ciyar da wasu jihohi, ga mu mu uku masu saida 'yar gida zaune a ɗakin ba wanda ya tambaye mu.

In kina da ƙaramar sana'a kuma dubu biyar ba za ta taɓa miki jari ba ki je, amma ki tafi da biro da littafi don ba su raba komai a rubuce, kuma ki zauna gaba. Sun ce za su kai ta Gusau, na dai gaya wa yarinyar da ke rajista su nemi Baban nan na Jega su ba shi awa guda tasa, ta rubuta a bayan takardar sunaye, ban sani ba ko ta isar. Darussan da sunka ce za su turo a guruf yau kwana biyar shiru.